Dasashi yana jini wajen goge baki, me ya kamata a yi?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Idan mutum ya goge baki ya tofar da jini amma babu ciwo, ya bar taɓa wurin har ya warke? Kuma asuwaki kaɗai ya wadatar, ko sai da buroshi?

Hajiya ta Asawase:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka bar wurin, barin shi ne ke ƙara jinin. Wani farin datti mai yauƙi cike da ƙwayoyin cuta yana taruwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, shi ke kumbura shi. Ka nemi buroshi mai laushi, ka karkata gashinsa zuwa bakin dasashi, ka riƙa juyawa a hankali, haƙori biyu biyu, waje da ciki, har minti 2. Sau biyu a rana, na kafin barci ya fi muhimmanci don yawu yana raguwa da dare. Man goge baki mai fluoride, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, daidai ƙwayar wake ya isa. Ka tofar, kada ka kurkure. Idan kumburin bai yi nisa ba, cikin sati 2 jinin yakan tsaya.

Malam na Sabon Zango:
Asuwaki, wanda Asante ke kira sokodua, yana aiki idan an tauna bakinsa ya yi laushi, ana kuma yanke tsohon baki. Matsalarsa ita ce da wuya ya kai bayan turame da cikin haƙoran ƙasa na gaba, inda datti ya fi daskarewa. Ka haɗa su, ɗan'uwa. Tsinken sakace bayan tsire kuwa yana huda naman tsakanin haƙora. Zaren sakace ya fi: ka lanƙwasa shi jikin haƙori, ka zura har ɗan ƙasan dasashi sau ɗaya a rana. Gawayi da toka suna kankare fuskar haƙori, a bar su.

Anti Nas:
Idan dattin nan ya daskare ya zama kamar dutse, babu buroshin da zai cire shi, sai likita ya kankare da na'ura. Mutanenmu suna cewa wankin asibiti yana sa haƙori girgiza. Ba haka ba ne. Cutar ce ta riga ta cinye ƙashin da ke riƙe haƙorin, dutsen ya ɓoye ɓarnar, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Ƙanena, idan jinin ya wuce sati 2, ko akwai mugunya, warin baki, ko haƙori ya fara motsi, je sashen haƙori na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi. A gwada maka sukari kuma, don ciwon sukari da cutar dasashi suna rura juna. Mai shan taba kada ya yaudaru da rashin jini, taba tana ɓoye shi alhali cutar na ci.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai. Ruwan gishiri fa?

Hajiya ta Asawase:
Rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwan ɗumi, ka kurkure baki da shi ka tofar. Yana rage kumburi, amma ba ya cire datti. Ka canja buroshi duk wata 3, ko da zarar gashinsa ya baje.