Digiri na biyu a bayo'infomatiks: a gida ko a waje?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayokemistri na karanta, na gama hidimar ƙasa, kuma ina son yin digiri na biyu a bayo'infomatiks, wato nazarin ƙwayoyin gado da kwamfuta. Cutar sikila ce ta ja ni, muna da masu ita a gidanmu. Sai dai ban iya rubuta manhaja ba, kuma na rasa ko in nema a nan Najeriya ko in jira tallafin karatu a waje. Baba ya ce ba ya son zaman jiran tsammani. Don Allah a ba ni shawara.

Wani malamin jami'a: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin sunan jami'a, ki fara binciken malamin da zai duba aikinki. Ki karanta abin da ya wallafa kwanan nan, ki tambaye shi daga ina ɗalibansa ke samun bayanan da suke nazari, kuma a kan wace na'ura. Jerin gadon mutum ɗaya ya kai harafi biliyan 3, nazarin irin waɗannan bayanai zai yi wa laftof ɗinki nauyi. Na ga ɗalibi ya bar aiki yana tafiya cikin dare, aka ɗauke wuta, da asuba ya tarar da allo baƙi, sai daga farko. In sashe ba shi da babbar kwamfuta ko yarjejeniya da masu ita, ki haƙura da shi, komai kyan ginin.

Wata mai digiri na uku: Gaskiya ne Malam. Kuma kada ki raina na gida. Cibiyar nazarin ƙwayoyin gado ta ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a Ede ce ta fara fitar da jerin gadon ƙwayar korona a Afirka, a Maris 2020. Jami'ar Covenant a Ota ta daɗe a fannin. Akwai Jami'ar Makerere a Uganda, da cibiyar bayo'infomatiks ta SANBI a Jami'ar Western Cape da ke Afirka ta Kudu. Tunda sikila ce damuwarki, ki rubuta wa cibiyar binciken sikila ta Jami'ar Abuja. Canjin harafi ɗaya a jerin gado da ke kawo cutar an daɗe da sanin sa. Abin da ake haƙa yanzu shi ne dalilin da ya sa wani ke shan wuya, wani kuma da sauƙi, kuma nan ake buƙatar irinku.

Wani injiniyan manhaja: Ni ina ganin kun yi gaba da yawa. 'Yar'uwa, tun yau ki fara koyon tsarin kwamfuta na Linux da harshen rubuta manhaja na Python, sannan harshen R da lissafin ƙididdiga. Shafin Rosalind na atisayen bayo'infomatiks kyauta ne, ki riƙa warware tambayoyinsa kullum. Ki kuma duba jerin darussan kowace jami'a da kyau: wasu shirye-shiryen don 'yan kwamfuta aka tsara su, ba za su jira ki ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya fa?

Malamin jami'a: Suna neman shekara biyu ta aiki. Kuma digiri na biyu a Ingila yawanci shekara ɗaya ne, binciken 'yan watanni kawai, ga mai koyon manhaja daga tushe ya yi gajere. Shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai galibi shekara biyu ne, shi ya fi dacewa da ke. Tallafin asusun TETFund kuwa na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne. Ki cike fom na waje da na gida a lokaci guda, hankalin Baba ma zai kwanta. In kin rubuta wasiƙar da za ki tura wa malaman, turo min in duba miki.