Musayar Waƙa: Farkokin Sarkin Faransa, Wa Ya Biya Kuɗin?

Ɗan Tasawa:

Bismillahi na ɗau alƙalami,
Kan matan fadar Faransawa.
Luwi na 15 ya yi farka,
A 1745, ba ya ɓoyewa.
Pompadour ba jinin sarauta ba,
Sai ga ta da fada tana juyawa.
An zargi Maurepas da yi mata zambo,
Minista guda, aka yi masa korar wulaƙantawa.
Gidan da ta saya a 1753,
Shi ne Elize, fadar shugaban Faransa da ake nunawa.

Hajiya 'Yar Fagge:

Ƙanena sannu da ƙoƙari,
Amma ka rage wurin aunawa.
Tangaran na Sèvres ita ta raine shi,
Har yau ana nan ana ƙerawa.
Voltaire ma ya sha inuwarta,
Marubuta ta yi ta karewa.
Makullin baitulmali na wa ne?
Sarki ne da kansa ke buɗewa.
In ɓera da sata, daddawa da wari,
Ku daina mace kaɗai zargawa.

Malam Na Damagaram:

Hajiya kin faɗi gaskiya,
Ni dai manomi nake tausayawa.
Gishirin miya ma da haraji,
Dole ya saya, ba ya ƙiyawa.
In ya yi fasa-ƙwaurin ɗan awo,
Dogarai su zo suna ɗaurewa.
Harajin taille na talaka ne,
Masu sarauta ba sa bayarwa.
Pompadour ta goyi bayan ƙawance da Ostiriya,
1756 yaƙi ya soma ƙunawa.
Shekara bakwai ana zub da jini,
Kanada ta tafi ga Ingilawa.

Hajiya 'Yar Fagge:

Malam, bari in ƙara da Du Barry, wata farkar sarkin,
Ita ce ke sa ni ƙwalla zubarwa.
Sarki ya sa a haɗa mata sarƙa,
Lu'ulu'u 647 ake jerawa.
Agana ta kashe shi a 1774,
Wuyanta bai taɓa ɗaurawa.
Akwai wani yaro, Zamor,
Daga Bengal masu fataucin bayi suka kawo shi ana sayarwa.
A gidanta ya girma yana hidima,
Ranar shari'arta a juyin juya hali, a kanta yake shaidawa.
Disamba 1793, a kan amalanke,
Aka bi da ita tsakiyar birnin Paris ana zagawa.
Tana kuka, tana roƙon jama'a,
Hauni na ja, tana turjewa.