Fitilar Peugeot 504 ba ta haske da dare: rile zan sa ko ƙwan wat 100?

Ɗan Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana wayarin mota ce. Peugeot 504 ce irin haɗin Kaduna, inji lafiya lau, batir sabo, ƙwayayen fitila ma sababbi ne, H4 masu wat 60/55. Duk da haka hasken ja-ja yake fitowa kamar na aci-balbal. A hanyar Katsina zuwa Daura da dare, shanu ko amalanke ba ka ganinsu sai ka zo dab da su. Sannan makunnin fitila na jikin sitiyari yana ɗaukar zafi idan an jima ana tafiya. Wasu sun ce in sa ƙwai mai wat 100, wasu sun ce rile ne maganin. Wanne ne daidai? In rile ne, guda nawa, wace irin waya, kuma yaya ake haɗawa?

Mai Wayarin:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sa wat 100 a kan wannan wayarin, makunnin nan da ke zafi ƙonewa zai yi. Kafin ka sayi komai, ka fara aunawa. Ta da inji, kunna dim, ɗora mitar awon wuta a kan batir. Ya kamata ka ga tsakanin bolt 13.8 da 14.4 idan altaneto na caji daidai. Sai ka auna a bayan soket ɗin ƙwan, yana kunne, ba tare da ka zare shi ba. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci, domin in ka zare ƙwan mita za ta nuna maka wuta cikakkiya ko da wayar ta kusa tsinkewa. Bambancin da ke tsakanin awo biyun shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya. In ya wuce rabin bolt, akwai aiki.

Dalili kuwa, a tsofaffin motoci wutar fitila gaba ɗayanta sai ta tashi daga batir, ta shiga cikin mota, ta bi ta makunni, sannan ta dawo gaba. Ƙwai biyu na dim suna jan kusan amfiya 9, na ful kusan 10. Siririyar waya mai murabba'in milimita 1, in tsawonta ya kai mita 6, ita kaɗai tana cinye kusan bolt 1 a wannan nauyin, ba a ma zo maganar tsatsar soket da haƙoran makunni da suka cinye ba. Shi kuma ƙwan halojin ba ya haƙuri da ƙarancin wuta: in bolt ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, hasken kan ragu da kusan kashi 30. An ƙera shi ne ya ba da cikakken haskensa a bolt 13.2.

Abin da rile zai yi shi ne ya ɗauke wa makunni nauyin. Makunni zai koma aika 'yar wuta da ba ta kai amfiya 0.2 ba don ya ja rile, shi kuma rile ya ɗauko wuta kai tsaye daga batir ta gajeriyar waya mai kauri.

Kayan da za ka saya: rile biyu masu bolt 12, amfiya 30 ko 40, tare da soket ɗinsu, ɗaya na dim ɗaya na ful. Gidan fiyus biyu da fiyus mai amfiya 15 kowanne. Waya mai murabba'in milimita 2.5 kamar mita 8, launi biyu ko uku don kada ka rikice. Sababbin soket na H4 guda biyu, in da hali masu jikin tangaran. Sai kawunan waya masu zobe, da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, da bututun rufe waya.

A gindin kowane rile akwai lambobi. Cire negetif na batir tukuna. Lamba 30 ita ke karɓar wuta daga fozitif na batir, ta bi ta fiyus, kuma fiyus ɗin ya zauna kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Lamba 87 ita ke fita zuwa ƙwayaye, ka raba ta biyu, hagu da dama. Lamba 86 ka haɗa ta da tsohuwar wayar da ke zuwa ƙwai a da, ta dim ga rile na dim, ta ful ga na ful. Lamba 85 kuma as ce, wato hanyar da wuta ke komawa negetif, a ɗaure ta a bodi. Tsohon soket na ɓangaren da batir yake shi za ka yi amfani da shi wajen ɗauko wutar 86, na ɗaya ɓangaren kuma ka naɗe shi da tef ka ɗaure a gefe. Kada ka yanke tsohon wayarin, ka bar shi yadda za a iya mayar da mota yadda take.

Baban 504 Daura:

Bayanin Oga Mai Wayarin ya yi, amma ya tsallake as ɗin ƙwan kansa, kuma a nan ne rabin masu wannan aikin ke faɗuwa. Wuta in ta je sai ta dawo. Ka kai wa ƙwai waya mai kauri, ka bar shi da tsohuwar as siririya da ke ɗaure a kan fenti da tsatsa, to asarar tana nan. Kowane ƙwai a ba shi sabuwar as mai 2.5, gajeriya, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya fito fari, a sa washa mai haƙori, a ɗaure, sannan a shafa giris a sama saboda damina. A duba kuma babbar wayar da ta tashi daga negetif na batir zuwa bodi da inji. Alamar as maras kyau ita ce ka kunna dim ka ga zaren ful da ke cikin ƙwan ma yana ɗan ja, ko fitilar shuɗiya ta dashbod tana ƙyalli kaɗan, saboda wutar ta rasa hanya ta koma ta ɗaya zaren.

Sai maganar wayar kasuwa. Akwai wadda ake sayarwa a matsayin tagulla alhali alminiyom ce aka shafa mata ruwan tagulla. Kankare silin da wuƙa, in cikinsa ya yi fari, ajiye musu kayansu. Ko ka sa masa ashana, na bogi nan take yake lanƙwashewa. Wata kuma robar ce mai kauri, silin ciki ƙalilan, don haka ka fere ka gani da idonka kafin a auna maka.

Inda ban yarda da shi sosai ba shi ne rataya dim biyu a kan fiyus ɗaya. Ranar da ya tsinke kana tsakanin Mashi da Daura, duka biyun za su mutu lokaci guda. Gaskiya ne ful na nan a kan nasa fiyus ɗin, amma na fi son a sa fiyus mai amfiya 10 ga kowane ƙwai bayan lamba 87, babban na kusa da batir kuma ya zama 20. Da haka in waya ɗaya ta goge a jikin bodi, ido ɗaya ne zai tafi.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An auna. Batir 14.1, bayan ƙwan dama 11.9, na hagu 12.2. Sai dai rile da na samu a shago mai ƙafa biyar ne, akwai ƙarin wata a tsakiya. Zai yi?

Injiniya Funtua:

Bolt biyu kenan ke salwanta, to lallai za ka ga bambanci. Mai ƙafa biyar zai yi, amma karanta abin da aka rubuta a ƙafar tsakiyar. In 87a ce, kada ka haɗa komai a kanta, ka rufe ta, domin wuta tana zama a kanta ne lokacin da rile yake kashe. Masu gaggawa kan ɗauka 87 ce ta biyu su kai ta ƙwai ɗaya, sai a ga ido ɗaya na kunne an kashe fitila, da safe batir ya kwanta. In kuwa duka biyun 87 aka rubuta, ko ɗaya 87b, to ka samu wanda ya fi dacewa, ƙafa ɗaya hagu ɗaya dama. Lambar da ke jikin rile za ka bi, ba launin wayar soket ba, don akwai irin da aka musanya wurin 30 da 86. Wanda kuma ke da dayod a ciki, wato abin da ke barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, zanensa na jikin murfi, dole 86 ta zama fozitif, in ka juya, dayod ɗin zai ƙone.

Ka ɗaure su a tsaye ƙafafu na kallon ƙasa, nesa da zafin salansa da inda ruwa ke fantsama. Kawunan waya a matse su da filayar matsewa, ba a murɗa da hannu a naɗe da tef ba. Wayar da za ta tsallaka zuwa ɗaya fitilar ta bi cikin bututu, a ɗaure ta nesa da fankar lagireto.

Ga masu karantawa da ke da tsohuwar Toyota, hattara. Da yawansu makunni negetif yake yankewa, ba fozitif ba, wato ƙafar ƙwan da a 504 take as, a can wuta ce ke kanta. A irin wannan 86 kan tafi ga waccan wayar mai wuta, 85 kuma ga wayar dim ko ful, ba bodi ba. Tasta, wato 'yar fitilar gwajin wuta, za ta nuna maka cikin minti ɗaya.

Mai Wayarin:

Na karɓi gyaran Baba a kan fiyus. Abu biyu suka rage. Ƙwai mai arha zai riƙa mutuwa da wuri bayan wannan aikin, saboda yanzu cikakkiyar wuta yake sha, kuma ƙarin kashi 5 cikin ɗari na bolt kan rage kwanan ƙwai da kusan rabi. Ka sayi na kirki, kada ka taɓa gilashinsa da yatsa, kuma in caji ya haura 14.5 a duba regileto. Maganar wat 100 ka manta da ita, zafinsa na cinye azurfar kwanon fitila, in kuma kwanon ya riga ya dushe babu rilen da zai dawo da shi sai canji.

Na biyu saiti. Tsayar da mota a fili mai daidai, mita 10 daga bango, tayoyi da iskarsu. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka ja layi a bango. Iyakar hasken dim ta sauka santimita 10 zuwa 15 ƙasa da layin, kuma ɓangaren da ke ɗagawa ya kasance ta dama, wajen gefen titi. In ta hagu yake ɗagawa, gilashin na motar Ingila ko Japan ne masu bin hagu, idon masu tahowa zai riƙa shiga. Bayan an gama ka sake aunawa a bayan ƙwan, bambancinsa da batir kada ya wuce bolt 0.3.