Masu zanen siyasa na ƙasar Folan: da wa za a fara?

Ɗalibar Zane: Assalamu alaikum. Ina rubuta takarda kan yadda masu zane na Folan ke tsoma baki a siyasar ƙasarsu ta hanyar fenti da bugu. Don Allah da wa ya kamata in fara?

Mazaunin Warsaw: Wa alaikumus salam. Ki fara da Wilhelm Sasnal, haifaffen Tarnów a 1972. A 2021 POLIN, gidan tarihin Yahudawan Folan da ke Warsaw, ya baje zanensa da suka taɓo kisan Yahudawa da shirun da aka daɗe ana yi a kansa. Sai Marcin Maciejowski, abokinsa a ƙungiyar masu zane ta Ładnie da ke Kraków, wanda kan ɗauko hoton jarida ya zana shi da fenti, ya sa rubutu a jikinsa.

Baba Mai Firam: Ƙanwata, ni gargaɗi ne nawa. Shekaru biyu da suka wuce na sayi fastar zaɓen 4 ga Yuni 1989, wadda Tomasz Sarnecki ya tsara wa Solidarność, ƙungiyar ƙwadagon da ta ja da mulkin kwaminisanci, mai hoton jarumin fim na Amurka Gary Cooper riƙe da ƙuri'a a madadin bindiga. Mai sayarwar ya rantse mini cewa bugun asali ce, na biya kuɗi masu yawa, na jira wata biyu. Da ta iso, takardar fari fat, tana sheƙi, kuma da na sa gilashin ƙara girma sai na ga ɗigon injin buga takarda na zamani. Na rubuta masa sau uku, har yau bai amsa ba. Idan za ki sayi wani bugu, ki nemi hoton bayan takardar da gefenta kafin ki biya ko sisi.

Malama Mai Alli: Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma ai fasta ba zanen fenti ba ce.

Baba Mai Firam: Malama, ƙasar da ta buɗe wa fasta gidan tarihi a Wilanów tun 1968 ba za ta yarda da wannan rabon ba. Jar walƙiyar da Ola Jasionowska ta zana ita ce ta cika tituna a zanga-zangar mata ta 2020.

Mazaunin Warsaw: Kada a manta da ƙungiyar masu zane ta Gruppa, da aka kafa a 1982 bayan dokar soja ta Disamba 1981, lokacin da masu zane da yawa suka ƙaurace wa zaurukan gwamnati suka koma baje aikinsu a coci-coci da gidaje.

Malama Mai Alli: Duk 'yan ɓangare ɗaya kuke lissafowa. Ignacy Czwartos, mai zanen da ke ɓangaren masu ra'ayin riƙau, fa? An zaɓe shi ya wakilci ƙasar a bikin baje kolin zane-zane na Venice na 2024, sabuwar gwamnati ta soke zaɓin, ta ba ƙungiyar Open Group ta Yukiren wurin.

Mazaunin Warsaw: Gwamnatin da ta gabata ce ta ɗaure masa gindi, Malama.

Malama Mai Alli: To, shi ya sa ya cancanci shiga takardarta, kuma da shi ma zan so ta buɗe.