"Ai babu harsashi a ciki": abin da muka gani da idonmu

Kawun yaron:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwanana tara ina jinyar ɗan yayata a asibiti, yaro ɗan shekara 14. Abokinsa ne ya harbe shi a cinya da ƙaramar bindigar mahaifin abokin, wadda suka tarar a durowa ƙarƙashin kaya. Ba faɗa ya haɗa su ba, hoto suke so su ɗauka da ita. Abokin ya zare gidan harsashin ya jefa kan gado, ya ce ka ga babu komai a ciki, ya nuna masa ya ja kunama. An shiga da shi tiyata sau biyu. Likita ya ce ƙafar za ta tsira, amma tafiya sai an sake koya masa. Duk wanda ya zo dubiya kalma ɗaya yake faɗa: tsautsayi. Na yarda da ƙaddara, amma zuciyata ta ƙi kwanciya da kalmar nan. Ban taɓa riƙe bindiga ba. Don Allah wanda ya san ta, ko ya taɓa ganin irin wannan, ya yi mini bayani: yaya bindigar da aka cire wa harsashi take tashi?

Tsohon soja:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Ɗan'uwa, gidan harsashi yaron ya cire, bindigar kuwa a ɗane ya bar ta. Irin waɗannan bindigogi, da zarar an ja samansu baya an saki, harsashi ɗaya yana barin gida ya hau, ya zauna a maƙogwaro yana jiran kunama. Ka zare gidan ka kai shi wani gari, wannan gudan yana nan. Shi ya sa ake fara zare gida, sannan a ja baya wanda ya hau ya faɗo, sannan a leƙa da ido, a sa ɗan yatsa a taɓa. Wanda ya juya tsarin, ya fara ja kafin ya zare, ya fitar da ɗaya ya hawar da wani da hannunsa.

Na ga haka a gabana. Wani kurtu ɗan shekara 19 ya dawo daga gadin dare idonsa cike da barci, ya juya tsarin nan, ya danna. Muna mu shida a tsaye kewaye da shi. Abin da ya cece mu, an riga an horar da hannunsa cewa baki ƙasa yake kallo. Harsashin ya shige cikin yashi tsakanin takalmansa. Ya tsaya yana rawar jiki, ko magana ya kasa.

Dokokin da ake koyarwa kusan ko'ina su ne huɗun da wani tsohon hafsan sojan Amurka, Jeff Cooper, ya yaɗa. Kowace bindiga ɗauke ta a matsayin mai harsashi, kullum. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya hallakawa ba. Yatsa ba ya shiga wajen kunama sai ka saita ka yanke shawarar harbi. Ka tabbatar da abin da ka auna da abin da ke bayansa. An jera su ne ta yadda in ɗaya ta kuɓuce, wata ta tare. Kurtun nan ya karya ta farko da ta uku, ta biyu ta riƙe mu. Abokin yaronku uku ya karya lokaci guda.

Kuma ko wani ne ya miƙo maka ya ce babu komai, duba da kanka. A watan Oktoba na 2021 an miƙa wa ɗan wasan Amurka Alec Baldwin bindiga a wajen ɗaukar fim, aka ce masa babu harsashin gaske. Ta tashi ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins. Matar da aka damƙa wa kula da makamai a wajen, kotu ta ɗaure ta wata 18.

Wanda ya ja kunama:
Na daɗe ina karantawa ina fasa rubutu. Bari in faɗa, ko wani ya tsira.

Ina da shekara 16 na kashe ƙanena. Shekararsa 11. Bindigar farautar Baba ce mai baki biyu, tana jingine bayan ƙofar ɗakinsa tun ina rarrafe, har mun daina ganinta. Kullum Baba ya dawo yana karya ta ya cire harsasai ya zuba a aljihu. Ranar ya shigo da gaggawa aka kira shi waje, ya jingine ta ya fita. Ni na san ba a barin komai a ciki, sani na tabbas, don sau dubu na ga yana cirewa. Ƙanena ya leƙo ya ce, Yaya, Baba ya hana fa. Na juya da ita ina dariya na ce ɗaga hannu.

Ƙarar ba na iya tuna ta. Warin hayaƙin nake tunawa, da takalminsa ƙafa ɗaya da ya rage a bakin ƙofa. Kafin Mama ta iso daga tsakar gida ya daina motsi.

An riƙe ni a hannun hukuma na wani lokaci, an yi bincike, an ce kuskure ne, an sake ni. Mutane suna ganin nan abin ya ƙare. Mama ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba, amma shekara guda in na shigo ɗaki sai ta sami abin yi a waje. Baba bai ƙara farauta ba, kuma har ya rasu yana cewa shi ya yi kisan. Makaranta na bari a shekarar. Yanzu shekara ashirin da wani abu ke nan da faruwar abin, ina da 'ya'ya, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai na zabura. Ranar da babban ɗana ya cika 11 ban iya fita aiki ba.

Kawu, roƙona gare ka, in zuciyarka za ta iya, ka nemi yaron da ya yi harbin. Kowa na wajen gadon wanda aka harba, kuma daidai ne. Shi kuma yana can wani ɗaki shi kaɗai, ba wanda ya san abin da yake saƙawa. Kada a bar shi shi kaɗai, kada a bar makami kusa da shi. Na san abin da na yi tunanin yi wa kaina a makonnin farko.

Wata uwa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bawan Allah, na yi kuka da na karanta naka. Allah ya jiƙan ƙanenka, ya sanyaya maka zuciya.

Maigidana jami'in tsaro ne. Shekaru yana ɗora tasa saman kabad a bayan akwati, yana cewa yara ba su ma san da ita ba. Wata rana ina gyaran ɗaki na tambayi 'yata mai shekara 6, haka kawai, ko ta san inda Baba ke ajiye kayan aikinsa. Ta ja kujera ta ɗora matashi biyu ta hau, ta nuna mini. Ta ce ai yayanta ya taɓa sauko da ita ya nuna mata, tana da nauyi. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata. A daren na ce ko dai akwatin ƙarfe mai makulli ya shigo gidan nan, ko ta riƙa kwana a wajen aiki. Yanzu bindiga na akwati a kulle ba harsashi, harsasan na wani wuri daban su ma a kulle, makullin a jikinsa.

Wani uba:
Hajiya, ni a ganina tarbiyya ce. Nawa na zaunar da su na nuna musu, na ce wanda ya taɓa zai gamu da ni. Shekara goma ba wanda ya taɓa. Ɓoyewa ce ke sa yaro son gani.

Malamar makaranta:
Malam, da girmamawa, abin da za ka iya cewa shi ne ba ka kama kowa ba. Shekara 18 ina koyar da yara, wanda ya fi kowa ladabi a gabanka shi ne abokai biyu za su iya ja ya yi abin da ba ka zata ba.

An gwada wannan a Amurka, aka buga sakamakon a 2001. An bar yara maza 'yan shekara 8 zuwa 12 a ɗaki, bibbiyu ko uku-uku, ana kallonsu ba su sani ba, an ɓoye bindigar gaske a durowa wadda aka gyara don kada ta tashi. Cikin rukuni 29, 21 sun gano ta. A 16 an ɗauke ta a hannu, a 10 har an ja kunama. Fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka taɓa ta sun ce an taɓa yi musu gargaɗi a kan bindiga. Gargaɗin yana da amfani, ni ma ina koya wa ɗalibaina: in kun gani ku tsaya, kada ku taɓa, ku bar wajen, ku faɗa wa babba. Amma ba zan ɗora ran yaro a kan biyayyar ɗan shekara 10 ba, alhali ga makulli. Kuma 'ya'yanka kaɗai ka yi wa tarbiyya, 'ya'yan baƙi da na maƙwabta fa?

Wani uba:
Wannan ta ƙarshe ta shige ni, Malama. Gidana ba ya rabo da yaran mutane.

Ma'aikaciyar jinya:
Ni ta ɓangaren abin da ke biyo bayan ƙarar zan yi magana, don nan muke rasa yara da yawa. An taɓa kawo mana yaro ɗan shekara 15, harbi a cinya kamar na ɗan yayarka, Kawu. Mutum biyar suka kawo shi, ba wanda ya danne ciwon, kowa na salati yana riƙe da kansa. Kujerar motar ta jiƙe har ƙasa. Babbar jijiyar jini ce ta tsinke, kuma irin wannan cikin 'yan mintoci take ƙarar da mutum. Da wani ya cire rigarsa ya cusa a ramin ya danne da duk nauyinsa, ina kyautata zaton da mun same shi da rai.

Ku danne da ƙarfi, kada ku riƙa ɗagawa kuna leƙawa. In ƙyallen ya jiƙe ku ƙara wani a kai. In hannu ne ko ƙafa kuma jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da ciwon da ƙyalle mai faɗi, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure a faɗa mana, kada a kwance a hanya. Kada a tona neman harsashi, kada a ba shi ruwa ko abinci saboda tiyata. Ƙanƙantar rami kuma kada ta ruɗe ku, ɓarnar tana ciki.

Bindigar iska da ake saya wa yara a ce ta harbin tsuntsu ce, ita ma na ga ta tsiyayar da idon yarinya.

Mafarauci:
Shekara 30 ina shiga daji. Abu biyu na ga sun ci samari. Na farko harbin motsi. Ciyawa ta girgiza, yaro ya ɗoki ya saki wuta, ashe abokin tafiyarsa ne ya durƙusa. Na ɗauko wanda aka yi wa haka a kafaɗata, har yau hannunsa na hagu a shanye yake. In ba ka ga dabba daga kai har wutsiya ba, ba ka ga komai ba. Manya ma ba su tsira ba: a 2006 mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Dick Cheney, ya juya bin tsuntsu ya watsa wa abokin farautarsa ƙwayoyin harsashi a fuska da ƙirji.

Na biyu bindigar toka. Ita ba ka gane an ɗura ta da ido. Wani lokaci ka ja kunama ta yi shiru, albarushin ya ja sanyi yana ci a hankali. Yaro sai ya juyo da bakin yana leƙawa. In ta yi shiru, bar bakin inda ka auna, ka jira sosai. Kuma kada ka tsallake shinge ko rami ko ka hau bishiya da ita a ɗane, kada ka jawo ta ta baki.

Wata ɗaliba:
Ƙawata tana zaune a tsakar gida da dare, ana harbin murna sama a can nesa, ko ƙarar ba ma ji sosai. Sai ta dafe kafaɗa ta ce wani ya jefe ta. A hoton asibiti aka ga harsashi. Wanda ya harba har yau bai san ya sami mutum ba.

Kawun yaron:
Na gode, 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Yallaɓai, na karanta wa yayata bayaninka, yanzu mun gane abin da ya faru a ɗakin nan. Ɗan'uwana da ka rasa ƙanenka, na bi maganarka. Jiya da yamma na je gidansu yaron. Kwana goma bai fita ɗaki ba, ya rame, yana ganina ya faɗi ya riƙe ƙafata. Na ɗaga shi na ce masa abokinsa na tambayarsa, kuma gaskiya ne, yana tambaya. Mahaifinsa ya zauna da ni, bai kare kansa ba, ya ce shi ya bar ta a ɗane a durowar da ba ta kulluwa, kuma bindigar tana hannun masu bincike. Na roƙi mahaifiyarsa kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Gobe in Allah ya kai mu za a fara tsayar da namu da sanduna, kuma yayata ta amince abokin ya zo.