Sigogin Python biyu a kwamfuta ɗaya, zai yiwu?

Malamin kwamfuta, Daura: Assalamu alaikum. Kwamfutocin ɗalibanmu suna kan tsarin gudanar da kwamfuta na Ubuntu 24.04, wanda ya zo da harshen rubuta manhaja na Python 3.12, amma tsohuwar manhajarmu ta lissafin sakamakon jarrabawa ta ƙi tashi, domin tana neman distutils, wani kunshin haɗa manhajoji da girka su, da aka cire daga wannan siga. Shin in cire 3.12 in maye gurbinsa da 3.10? Kuma me ya sa Ubuntu ba ya riƙe sigogin Python da yawa?

Injiniya, Ƙofar Kaura: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka cire shi, domin wasu kayan aikin Ubuntu da shi suke aiki, kuma cire shi na iya durƙusar da tsarin baki ɗaya. Ka ɗauko 3.10 daga deadsnakes, wata ma'ajiyar intanet mai samar da wasu sigogin Python don Ubuntu, ka girka shi a gefe, sannan ka ware wa manhajar muhallinta da venv, kayan aikin Python da ke keɓe wa kowace manhaja nata kunshin.

Hajiya mai manhaja, Katsina: Dalilin da ya sa Ubuntu ba ya riƙe sigogi da yawa shi ne, kowace siga sai an sake gina mata ɗimbin kunshin manhajoji, an gwada su, ana kuma toshe ɓarakar tsaro tsawon shekaru. A ganina, Malam, gyara manhajar ta koma kan setuptools, wanda ya maye gurbin distutils, ya fi, tunda Oktoban 2026 ne ƙarshen wa'adin tallafin da masu Python suka ɗibar wa 3.10.