Me ya sa tag ɗin hotunana suka ɓace da na kwafa a filas?

Ɗan_Kurna:
Salam ƴan uwa, don Allah masana ku taimaka. MacBook nake amfani da shi, na kwashe sati biyu ina ware hotunan bikin ƙanwata da tag, wato alamar launi da Mac ke sa wa fayil, na kamu da jan tag, na ɗaurin aure da kore, na dina da shuɗi, da na kai filas shagon da za a wanke min, yaron shagon ya buɗe a Windows babu tag ko ɗaya, sai wasu ƙananan fayil masu farawa da ._ kusa da kowane hoto har yana cewa wai virus na kawo masa. Wallahi abin ya min ciwo. Wai a ina ya kamata irin wannan bayanin ya zauna ne, cikin fayil ɗin ko wajen sistem?

Mai_Gyara:
Wa alaikumus salam. Ba virus ba ne malam, tag ɗinka ne a ciki. Tun 1984 Mac yake ajiye wani ɓangare na fayil a gefe, to tsarin ajiya na FAT32 da exFAT da filas ke zuwa da su ba su da wurin sa shi, shi ya sa yake juye shi a wancan ƙaramin fayil ɗin, Windows kuma bai san me ake nufi da shi ba. Shi ma Windows ɗin yana da irin nasa a NTFS, tsarin ajiyarsa na diski, tun 1993, can yake rubuta cewa daga intanet aka sauko da fayil, kana kwafa a filas na FAT32 shaidar ta tafi.

Maman_Hanif:
Ni dai a ganina duk abin da ya shafi fayil ya tafi a cikinsa kawai. Duba MP3, sunan mawaƙi na ciki, ko ta Xender ka tura yana nan. Ka ɗauki docx ka canza ƙarshensa zuwa zip ka buɗe, za ka ga rubutu daban, folda ta hotuna daban, sunan wanda ya rubuta daban, duk a ƙunshi ɗaya, tun Office 2007 haka yake kuma ko'ina ka kai shi ba ya zubar da komai.

Baffa_Linux:
Hajiya ki yi haƙuri ban yarda gaba ɗaya ba. In komai na ciki to dole kowace manhaja ta iya karanta cikin kowane irin fayil, kuma tag ɗaya kika canza fayil ɗin ya canza, bakof, wato manhajar da ke ajiye miki kwafi, ya sake kwashe bidiyo mai giga biyu saboda kalma ɗaya, da tsadar data ɗin nan. BeOS, wani tsohon sistem na kwamfuta, ya yi abin da kyau, sistem ne ke riƙe bayanan yana musu indes, wato jerin da ke sauƙaƙa nema, imel ma fayil ne, ka nemi wanda ya aiko nan take ya fito. Microsoft sun gwada irin wannan da wani tsari mai suna WinFS suka watsar a 2006. Sannan hoton waya yakan ɗauki wurin da aka ɗauke shi a ciki, kin tura shi a matsayin document kin ba mutum adireshin gidanki. Abin da yake na hoton ne kamar rana da sunan biki ya shiga ciki, abin da yake tsakanina da na'urata ya tsaya wajen sistem, amma ya gaya min me zai zube kafin in kwafa, ba ya yi shiru ba.

Ɗan_Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Yaron ya riga ya goge ._ ɗin amma asalin na kan laptop. Yanzu folda uku zan buɗe, kamu, ɗaurin aure, dina, gobe in mayar masa.